Kwaɗo Ɗaya Ko Kwaɗo Dubu: Rikicin da Ke Cikin Wayarku

 

Duk mai riƙe da wayar Android ta Tecno ko Itel a zauren nan yana ɗauke da Linux a aljihunsa, ko ya sani ko bai sani ba, domin a kansa aka gina Android. Linus Torvalds ya fara rubuta shi yana ɗalibi a Helsinki a 1991. Ɓangaren da zan yi magana a kai shi ne zuciyar tsarin, wato manhajar da ke raba wa sauran manhajoji ma'ajiya da lokaci da hanyar intanet. Wayar yau tana da ƙwaƙwalwa huɗu ko takwas masu aiki a lokaci guda, kuma dukansu suna miƙa hannu cikin zuciyar nan.

Ga inda matsalar take. A ce akwai wani adadi a ma'ajiya, 100, ƙwaƙwalwa biyu kowace tana son ƙara ɗaya. Ta farko ta karanta 100. Kafin ta rubuta, ta biyu ma ta karanta 100. Waccan ta rubuta 101, wannan ta rubuta 101. An ƙara sau biyu, an samu ƙari ɗaya, kuma babu wanda ya yi kuka. Sai a gwada sau dubu ba a gani ba, ranar da abin zai faru sai ya faru a hannun mai waya. Maganin wannan rige-rige shi ne kwaɗo: wanda zai taɓa adadin ya kulle, ya gama, ya buɗe.

Mu Kurfayawa mun san wannan a bakin rijiyar makiyaya cikin Dallol Bosso. In aka ce guga ɗaya kawai zai sauka, igiya ba za ta taɓa sarƙewa ba, amma shanun Azawak za su wuni a rana suna jira. In aka bar kowane gefe ya zura nasa, garke zai sha da wuri, sai dai dole kowa ya san jerensa, in ba haka ba igiyoyi su harɗe a tsakiyar rijiya, kowa ya tsaya cirko-cirko, mai jaki na jiran mai raƙumi, mai raƙumi na jiran mai jaki.

A 1996, lokacin da Linux 2.0 ya fara aiki da ƙwaƙwalwa fiye da ɗaya, hanyar guga ɗaya aka bi. Aka sa wa zuciyar gaba ɗayanta kwaɗo guda, wanda aka riƙa kira Babban Kwaɗo. Matasa masu koyon sana'ar nan sukan yi wa wannan mataki dariya. Ni ban ga abin dariya ba. An rubuta dukan tsarin ne da zaton mutum ɗaya ke ciki, ma'aikata kaɗan ne, na'ura mai ƙwaƙwalwa biyu kuwa ba kowa ke da ita ba. Da kwaɗo ɗaya suka sa tsohon rubutu ya ci gaba da aiki daidai ba tare da an warware shi layi-layi ba.

Kuɗin wannan sauƙi daga baya aka biya shi. Da ƙwaƙwalwa suka yawaita, sai aka ga yawancinsu tsaye a ƙofa suna ƙona lantarki ba aikin komai. Tun 1967 Gene Amdahl ya nuna lissafin: in kashi goma cikin ɗari na aiki dole a yi shi ɗaya bayan ɗaya, to ko ƙwaƙwalwa dubu ka zuba, saurin ba zai wuce ninki goma ba. Cire kwaɗon kuma ya zama jan aiki. Yana da wata ɗabi'a: aikin da ke riƙe da shi in ya yi barci, kwaɗon ya saki kansa, in ya farka ya sake kamawa. Direbobin na'urori da yawa, wato manhajojin da ke sarrafa na'urorin, sun dogara da wannan ba tare da an rubuta a ko'ina ba, har aka kai ga ba wanda zai iya rantsuwa kan abin da kwaɗon ke karewa a wuri kaza. Sai a 2011, a Linux 2.6.39, Arnd Bergmann ya cire ragowarsa. Shekara goma sha biyar ke nan.

To amma kada ku ɗauka ƙananan makullai kyauta ne. Kowane kullewa da buɗewa yana cin lokaci ko da babu mai jira, domin dole ƙwaƙwalwa su riƙa miƙa wa juna labarin wanda ke riƙe da shi. Mafi tsada kuma shi ne kan ɗan Adam. Wane kwaɗo ke kare wane bayani? Wanne za a fara kamawa? Abin ya kai ga Ingo Molnar ya shigo da wata manhaja a 2006, lockdep, aikinta kawai sa ido kan jeren da ake kama makullai. Paul McKenney da abokan aikinsa sun kawo wata dabara mai suna RCU a 2002, inda masu karatu ba sa kulle komai, mai canji ne ke yin sabon kwafi ya jira tsofaffin masu karatu su fice. Tana da sauri matuƙa, amma kafin mutum ya ƙware a kanta sai ya ji jiki. Kuma inda hannaye suka yi yawa ɓaraka takan ɓuya: ramin da aka kira Dirty COW, rige-rige ne a sashen ma'ajiya, ya shekara tara a ɓoye kafin a toshe shi a 2016, har wayoyin Android ya shafa.

Wasu ma sun rabu a kan gardamar yadda za a yi da babban kwaɗo. FreeBSD, wani tsari irin Linux, ta bi hanyar farfasa nata babban kwaɗon, Matthew Dillon bai yarda da salon ba, ya balle a 2003 ya kafa DragonFly BSD.

Misalin da na fi so ku riƙe daga Ostareliya yake. Wata zuciyar tsari ce mai suna seL4, ƙarama ce, layukanta ba su kai dubu goma ba lokacin da aka tabbatar da ingancinta da hujjar lissafi a 2009. Da masu ita, ƙarƙashin Gernot Heiser, suka zo ga ƙwaƙwalwa da yawa, kwaɗo ɗaya suka zaɓa da gangan. Hujjarsu ita ce duk mai shiga zuciyar ba ya daɗewa, don haka layi ba ya tsawo a ƙofa, kuma sun auna kafin su faɗa.

Ɗalibanmu da za su tafi Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, galibin abin da za ku fara rubutawa ƙanana ne: na'urar lura da famfon sola, ko rajistar kantin magani. Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Ku fara da kwaɗo ɗaya, ku rubuta a gefensa abin da yake karewa, wato abin da mutanen 1996 suka bari ba su yi ba. Sai ranar da awo ya nuna muku ayyuka na cunkushewa a wuri kaza, sannan ku raba shi a wurin kaɗai.

Na ga hannaye a baya. Bismillah, a fara da tambayoyi.