Kafin Ka Kora Garke Bakin Kogi a Farkon Hunturu

Yau maganarmu a kan gaɓar kogi take.

Ruwan sama ya ɗauke tun ƙarshen Oktoba, hunturu ya fara busawa. Kogin Weme, wanda ya taso daga duwatsun Taneka kusa da Jugu, ya ja baya. Haka ma Okpara da ke gabas da Paraku. To, a nan ne mutum yake sakin jiki, kuma a nan haɗarin yake.

Ga abin da ke faruwa. A Agusta da Satumba kogi ya cika, ƙasar gaɓa ta sha ruwa ta ƙoshi, igiyar ruwa kuma ta ƙwaƙule gindinta. Muddin kogin yana cike, shi ke tokare da ita. Da ya janye, sai a bar ta da nauyinta, ba madogara. Iska ta busar da sama ta yi ɓawo, ciki kuwa taɓo ne. Mutum ɗaya zai taka ya wuce lafiya. Shanu hamsin su taru wuri guda, sai ta zaftare da su.

Mutanen duwatsun Turai sun san irin wannan da dusar ƙanƙara. A farkon sanyi sabuwa takan kwanta bisa tsohuwa marar ƙwari, ta zubo ta binne mutane. Shi ya sa sukan haƙa rami su duba abin da ke ƙasa kafin su hau. Mu ma sandarmu ta isa wannan aiki.

Na farko, tsai da garke nesa, ka je kai kaɗai. Caka sanda da ƙarfi. In ta fasa ɓawon ta nutse ba wahala, ta fito da laka, kada ka bi nan.

Na biyu, duba tsagewa. Tsagar da ta bi tsawon gaɓa, ko itacen da ya karkata zuwa ruwa, alama ce ƙasar ta fara tafiya.

Na uku, leƙa gindin gaɓar. In akwai kogo, ko ruwa na tsattsafowa daga jikinta, a nisance ta. Wajen da kogi ya yi gwiwa, gefen waje ya fi cinyewa. Nemi mashigi mai tsakuwa ko dutse, a shayar da shanu kashi-kashi.

Ku kuma masu babur da lodin doya ko masara: mashigin bara ba lalle shi ne na bana ba, damina takan sauya shi. Tambayi mutanen ƙauyen. Mai bin hanyar Paraku zuwa Jugu yana da gada a Beteru, kada gajeriyar hanya ta ruɗe shi. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya tsare mu da dukiyarmu. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba.