Jawabi ga Masu Niyyar Karatun Lauya

Wannan jawabi domin ɗaliban Gusau da Tsafe da Bunguɗu ne waɗanda su ke niyyar karatun lauya, da kuma iyayensu, tun da su za su sayar da hatsi ko sa su biya.

A zamanin da, ɗan Arewa ba shi da zaɓi sai Ingila. Marigayi Muhammadu Bello na Katsina, wanda ya zama Babban Jojin Nijeriya daga 1987 zuwa 1995, a London ya zama lauya cikin 1956. Yanzu kuwa jami'o'i sun yawaita, sai zaɓen ya zama shi ne wuyar.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne digiri kaɗai ba ya mai da mutum lauya. Bayan shekara 5 a jami'a, tilas ne ɗalibi ya ƙara shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda a ka kafa a Ikko cikin 1962, babban mazauninta yanzu yana Bwari kusa da Abuja, tana kuma da reshe a Bagauda ta ƙasar Kano. To, Majalisar Kula da Ilmin Lauya, wadda ke riƙe da makarantar nan, ita ke yanke wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka. In jami'a ta yi haɗama ta wuce adadinta, ɗalibanta ne ke shan wahala, gama sai yaro ya gama digiri ya zauna gida yana jiran gurbi, shekara ta zo ta wuce, ga takarda a akwati, ba shi da ikon tsayawa gaban joji. Wannan ba tatsuniya ba ce. Cikin Janairu 2025 hukumar JAMB ta dakatar da ɗaukar sababbin ɗaliban lauya a jami'o'i 8 bisa ga hukuncin Majalisar. Saboda haka kafin yaro ya rubuta sunan wata jami'a, lalle ya bincika ko Majalisa ta amince da sashenta na lauya a wannan shekara. Kyan gini da talla a rediyo ba su amsa wannan tambaya.

Sa'an nan sai a dubi irin dokar da za a koya. Tun daga Janairu 2000 kotunan Shari'a na Zamfara su ke hukunta laifuffuka, ban da aure da gado da su ka saba yi, ga kuma Babbar Kotu da kotunan majistare suna nan. Lauyan da zai zauna Gusau da wuya mako ya wuce bai shiga duka biyun ba. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wadda a ka kafa cikin 1975, da Jami'ar Bayero ta Kano, suna haɗa dokokin da a ka gada daga Ingila da shari'ar Musulunci cikin digiri ɗaya. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuwa, wadda ta girme su, gama tun 1962 ta ke, ta raba hanya biyu a Kongo, ɗalibi ya zaɓi wadda ya fi so. Wanda ya yi Larabci a makarantar Islamiyya kada ya raina abin da ke hannunsa.

Saura batun gurbi. Masu neman lauya sun fi kujerun yawa nesa ba kusa ba, jami'o'i kuwa galibi wanda ya sa su zaɓi na fari su ke dubawa. Jami'o'in Tarayya su kan ware kashi 45 cikin 100 don cancanta, 35 don 'yan yankin jami'ar, 20 don jihohin da su ka yi baya a ilmin boko. Zamfara tana cikin jihohin nan, tana kuma cikin yankin Sakkwato, watau ɗan Bunguɗu da ya sa Sakkwato farko yana da ƙofa uku. In ya kai sunansa wata jami'a mai nisa a Kudu don suna kawai, ya rufe ɗaya da hannunsa.

Amma duk wannan ba ya amfanar wanda ba shi da kiredit 5, har da Turanci da Adabin Turanci. Yara da yawa su kan bar Adabi a aji huɗu na sakandare, sai ranar cika takarda su gane. Shugabannin makarantu su faɗa musu tun lokacin zaɓen darussa.