Ba Kowane Yaro Maras Natsuwa Ne Rago Ba

Jawabi ga iyaye da malaman makarantun Kafanchan da kewaye

Ya ku iyaye da malamai, a makarantun sakandare na Kafanchan da Kagoro da Zonkwa da Kwoi akwai yaran da kowane zango ake rubuta musu "ba ya ƙoƙari". Yaro ga basira, amma yakan manta littafi, yakan fara aiki bai gama ba, malami yana bayani hankalinsa yana wani wuri. Sai a ce ragwanci ne, a ɗauko bulala. In kuwa ya yi shiru ya ƙaurace wa abokai, sai a ce ciwon damuwa ne.

Alhali akwai wata larura ta ƙwaƙwalwa, watau kasa tsai da hankali wuri ɗaya, wadda likitoci ke kira ADHD. Tun 1902 wani likitan yara a Landan, George Still, ya bayyana irin waɗannan yara. Bincike ya nuna kimanin yara 5 cikin 100 a duniya suna da ita, kuma galibi gadonta ake yi.

Tambayar da ke raba gardama ita ce, yaushe abin ya fara? Ciwon damuwa yakan sauko wa yaron da a da yake lafiya, ya ɓata masa barci da cin abinci da sha'awar wasa. Ita kuwa wannan larura, bisa ƙa'idar likitocin Amurka ta 2013, alamunta sukan bayyana kafin shekara 12, su daɗe aƙalla wata 6, a kuma gan su a wuri fiye da ɗaya: a aji, a gida, har a gonar citta. Rago ba ya son aikin. Wannan yaro yana so, hankalin ne ya ƙi zama. 'Yan mata ne aka fi kasa ganewa, domin sau da yawa ba sa hayaniya. Bugu da ƙari, shekarun zagi da duka suna iya jefa yaron cikin ciwon damuwa na gaske.

Saboda haka lalle ne malami ya zaunar da shi a gaban aji, ya rarraba masa aiki kaɗan-kaɗan. Iyaye su kai shi ga likita, su faɗi halinsa tun daga firamare. Akwai ƙwararru a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, Kaduna. Ya kamata kuma Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya ta koya wa ɗalibanta gane waɗannan alamu kafin su riƙe alli. Rashin sani ya fi dare duhu.