Jawabi ga Taron Al'ummar Zango a Kumasi kan Kuɗin Horar da Masu Sulhu



Mai martaba Sarkin Zango, Allah ya ja zamaninka. Limamanmu da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata, sarakunan samari, 'yan'uwa, sannunku da zuwa.

An ba ni maganar kuɗi, kuma na san da an ambaci kuɗi a taro sai kowa ya fara duban ƙasa. Ku yi haƙuri da ni.

Yawancinmu muna tune da abin da ya faru a Hohoe a watan Yunin 2012. Saɓani ya shiga tsakanin mutanen zango da masu gari, aka tone gawar limamin zango bayan an binne shi, samari suka fusata suka afka wa fadar sarkin garin, aka ƙona shaguna, aka rasa rayuka, hukuma ta sa dokar hana fita. A 2016 kuma ga Tafo, nan kusa da mu, rikici ya tashi a kan filin maƙabarta. Duka biyun ba a rasa dattawa masu mutunci a wurin ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutanen da aka shirya tun kafin ranar, waɗanda ɓangarorin biyu suka san fuskarsu, suka san lambar wayarsu, kuma za su iya tsayawa gaban samari a sa'ar farko, kafin jifa ya fara.

Wani zai ce sulhu ai gadonmu ne, tun kakanninmu fataken goro suna bin hanyar Gwanja zaure ke raba gardama. Gaskiya ne. Amma kakanninmu ba su yi fama da takardar fili guda da aka sayar wa mutum biyu ba, ba su ga jita-jita ta zagaye unguwa ta WhatsApp kafin a idar da sallar Azahar ba. Ga kuma doka. Tun 2010 Ghana ta yi dokar sasanta rigima a wajen kotu, Doka ta 798, wadda ta amince da hukuncin sulhu na gargajiya, har ana iya kai shi kotu a yi masa rajista ya zama tilas a bi. Dattijo nawa ne a cikinmu ya san yadda ake rubuta irin wannan yarjejeniya? Sau da yawa sai a yi sulhu da baki, a shafa Fatiha, bayan shekara biyu wani ya ce shi bai ji haka ba.

To, ina kuɗin zai fito? Akwai ƙofofi. Akwai Majalisar Zaman Lafiya ta Ƙasa da doka ta kafa a 2011, tana da rassa a jihohi. Akwai Asusun Raya Zango na 2017, wanda da sunanmu aka kafa shi, kuma babu kunya mu rubuta mu nemi haƙƙinmu. A Ankara akwai Cibiyar Kofi Annan da ƙungiyar WANEP, aikinsu ke nan. Mu ƙwanƙwasa duka.

Sai dai ni ra'ayina, kada mu fara da can. Wanda ya biya kuɗi shi ke zaɓen wanda za a horar. Mun sha ganin bita ta kwana biyu a otal, a ci shinkafa, a karɓi alawus da takardar shaida, wanda aka tura kuwa ko 'ya'yansa ba sa jin maganarsa. Idan muka haɗa namu tukuna, ko sidi 5 ne kowane gida a wata, kamar yadda iyayenmu mata ke zuba susu, wato adashi, ba fashi, to da bakinmu za mu je, mu ce ga namu, ku cika mana.

Kuma a zaɓi mutane da idon basira. Sarakuna da limamai, i, amma a sa magajiya da matan kasuwa, don rigimar gidan haya da ta aure su ke fara jin ta. A sa shugabannin majalisun samari, har da waɗanda muke kira masu taurin kai. Su ne ake bi ranar da gari ya ɗau zafi. A haɗa 'yan Tijjaniyya da Ahlussunna a aji ɗaya. A gayyato mutanen fadar masu gari su zauna tare da namu.

Bayan horo ma akwai kashewa: kuɗin mota, katin waya, littafin rubuta yarjejeniya. Waɗannan ƙanana su ke kashe kwamiti.

Ina roƙon mai martaba ya naɗa mutum 5, biyu daga ciki mata, su riƙe asusun namu, su riƙa karanta lissafi a bainar jama'a duk wata uku. Wanda ya shirya bayarwa, ga magatakarda a bakin ƙofa, ya rubuta sunansa kafin ya fita.