ZAƁEN UNGUWA GA MAI ƘAURA DA IYALINSA ZUWA JOS

Da sunan Allah muke farawa, Shi muke yi wa godiya, kuma a wurinSa muke neman taimako da gafara. Tsira da amincinSa su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi maza da mata, mas'alar da za mu tattauna a wannan zama ita ce zaɓen unguwa ga magidancin da ƙaura ta kama shi zuwa ƙasar duwatsu, kuma za mu tsayar da maganarmu a kan garin Jos, domin can ne yawancin masu yi mana wannan tambaya suke nufa. Kowace shekara akan sami 'yan'uwa da canjin wurin aiki ko fatauci ko neman ilmi ke ɗaukowa daga Kano ko Katsina ko Sakkwato ko Maiduguri. Wani an turo shi Jami'ar Jos, wani cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wani barikin soja na Rukuba, wani kuwa cinikin kayan gwari da dankalin turawa ne ya jawo shi. Abin da muka lura da shi shi ne, galibinsu tambaya biyu kawai suke yi wa dillali: shin unguwar ta Musulmi ce, kuma nawa ne kuɗin haya? Tambayoyi ne masu kyau, amma wanda ya tsaya a kansu kaɗai bai sauke amanar iyalinsa ba.

Asalin mas'alar a Shari'a shi ne, muhalli yana cikin nafaƙar da ta wajaba a kan miji, tare da ci da sha da tufafi. A aya ta 6 ta Suratuɗ Ɗalaƙ Allah (S.W.T.) Ya yi umarni da zaunar da mata gwargwadon halin mazajensu, Ya kuma hana a ƙuntata masu, alhali magana ce a kan matan da ke cikin idda. Ina ga matar da igiyar aurenta ke nan daram? Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya sun ƙara da cewa idan mace ta yi ta kai ƙarar cutarwa, alƙali yakan zaunar da su a tsakanin mutanen kirki waɗanda za su zama shaida. Wannan ya nuna cewa a wurin malamanmu maƙwabta suna cikin abin da ake auna gida da shi. Sannan mu tuna cewa canjin ƙasa yana taɓa jiki: lokacin da sahabbai suka yi hijira zuwa Madina, zazzaɓin garin ya kwantar da Sayyidina Abubakar da Bilal, Allah Ya ƙara masu yarda, har Manzon Allah (S.A.W.) ya yi addu'ar a gyara masu iskar garin. Ke nan lura da yanayin ƙasar da za a kai yara ba raunin tawakkali ba ne.

To, mene ne yanayin Jos? Garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga saman teku, wato ya ninka tsayin Kano fiye da sau biyu, kuma duwatsun Shere da ke gabashinsa sun haura mita 1,800. Damina tana farawa tun watan Afrilu ta kai Oktoba, ruwan ya fi ƙarfi a Yuli da Agusta, wani lokaci har da ƙanƙara. Haƙar kuza, wadda kamfanonin Turawan Ingila suka faɗaɗa tun farkon ƙarni na 20, ita ce ta tara jama'a a garin daga ko'ina, kuma ta bar ɗaruruwan ramuka da suka zama kududdufai. Daga waɗannan abubuwa ne sharuɗɗan zaɓen unguwa suke fitowa, kuma za mu kawo su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, a dubi ƙasar da gidan yake kai. Mutumin da ya taso a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ya saba ruwan sama ya kwanta, ya tsotse a hankali. A ƙasar duwatsu ruwa ba ya kwanciya. Gangarowa yake yi da gudu daga kan fa, ya haɗu a kwari cikin ɗan lokaci. A watan Yulin 2012 an yi ruwa mai yawa, madatsar Lamingo ta tumbatsa, ambaliya ta afka wa Rikkos da Gangare da wasu unguwannin da ke kusa cikin dare, aka rasa rayuka fiye da 30, yawancin gidajen da suka rushe kuwa a bakin rafi aka gina su. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Saboda haka idan dillali ya nuna muku gida mai araha a gefen kogin Dilimi ko wani rafi, ku dubi bangon da kyau, ko akwai alamar inda ruwa ya taɓa kaiwa, ku kuma tambayi tsofaffin layin. Haka nan gidan da ke manne da gindin dutse, a duba ta inda ruwa ke bi idan ya sauko. A wajajen Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi kuwa, abin tsoro shi ne kududdufan kuza. Ruwansu yana kwance kamar tafki, amma ramin ma'adinai ne mai zurfi da gaɓa mai santsi, kuma yara da yawa sun halaka a cikinsu wajen wanka. Wanda yake da yara ƙanana ya nisanci gidan da ke kusa da irin wannan rami, ko da kyauta aka ba shi.

Na biyu, sanyi. A Disamba da Janairu sanyin dare a Jos yakan sauka ƙasa da digiri 10, kuma gidan da ke kan tsauni a fili, inda babu abin da ke tare iska, ya fi jin jiki. Jarirai da tsofaffi da masu ciwon asma ko ciwon sikila su ne suka fi wahala. A nemi ɗakin da yake da silin, da tagogi masu rufuwa sosai, wanda rana ke shiga da hantsi, kuma a guji ɗakin da bangonsa ke tsattsafo da damina. Muna kuma jan kunnen 'yan'uwa mata game da shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa a kwanta. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana sa mutum barcin da ba ya tashi. A ji ɗumi a waje ko a buɗe taga, a fitar da kaskon kafin barci.

Na uku, ruwan sha. Yawan ruwan sama ba ya nufin yawan ruwan rijiya, domin a wurare da dama fa ne a ƙarƙashin ƙasa, rijiya ba ta zurfi, kuma takan ƙafe a ƙarshen rani. Ku tambaya: sau nawa famfo ke kawo ruwa a mako? Rijiyar gidan tana kaiwa watan Maris da ruwa? Nawa 'yan garuwa ke sayar da jarka a layin? Tazarar rijiya da masai nawa ce? A unguwanni masu cunkoso sau da yawa rijiya da masai suna kafaɗa da kafaɗa, kuma ta nan ne amai da gudawa da zazzaɓin taifot ke shiga gida. Magidancin da ya kama gida a kan tsauni inda babu ruwa ya sani cewa 'ya'yansa ne za su riƙa hawa da bokiti safe da yamma, a lokacin da ya kamata su kasance a makaranta.

Na huɗu, zaman lafiya da hanya. Ba za mu ɓoye wa kowa ba cewa Jos ta ga fitina. An yi rikici mai tsanani a Satumbar 2001, aka sake yi a Nuwambar 2008, sannan a Janairun 2010, kuma an zubar da jinin Musulmi da na Kirista, an ƙona gidaje da wuraren ibada na ɓangarorin biyu. Sakamakon haka mutane suka yi ta ƙaura zuwa inda mabiya addininsu suka fi yawa, har garin ya rarrabu. Ba mu ga laifin wanda ya nemi inda iyalinsa za su kwana da natsuwa ba, kuma baƙon da bai san gari ba, shawararmu gare shi ita ce ya fara sauka inda yake da masu tsaya masa. Sai dai wannan ƙaura ce ta cusa jama'a a Unguwar Rogo da Gangare da Rikkos da makamantansu, haya ta yi tsada, aka yi gini har a kan hanyar ruwa. Wanda tsoron fitina ya sa ya rufe ido ya kama ɗaki a bakin rafi, ya fita daga haɗari ne ya shiga wani. Abin da ya kamata a duba tare da unguwa shi ne hanya: idan an sa dokar hana fita, ko gari ya ɗauki zafi, ta ina yara za su dawo daga makaranta? Idan naƙuda ta tashi da tsakar dare, wane asibiti ne mafi kusa, kuma mota tana iya shiga layin da damina? Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana Lamingo, kuma daga wasu unguwanni tafiya ce mai ɗan nisa. Gwargwadon yadda gida da makaranta da asibiti da wurin aiki suka kusanci juna, gwargwadon sauƙin da iyali za su samu ranar da aka shiga tsanani.

Na biyar, masallaci da makaranta da abokan yara. Sanin kowa ne cewa abin da Manzon Allah (S.A.W.) ya fara ginawa da isarsa Madina shi ne masallaci. A nemi gidan da ake jin kiran salla, wanda yaro zai iya takawa zuwa jam'i da asuba duk da sanyi. Amma kada yawan masallatai ya ruɗe mu. Akwai layin da masallaci ke kowace kusurwa, alhali da magariba matasa na zaune a bayansa suna shaye-shaye, kuma matsalar 'yan sara-suka a cikin unguwanninmu take, ba wasu ne suka kawo mana ita daga waje ba. Ku je ku ga su waye a sahun asuba. Ku shiga Islamiyyar unguwar ku ga yara nawa ne a aji, me ake karantarwa, kuma akwai ajin matan aure ko babu. Ku dubi ginin makarantar boko da idonku, domin a Yulin 2024 benen wata makaranta ya rufta a Jos ana cikin darasi, aka rasa rayuka fiye da 20, galibinsu ɗalibai. Uba yana da haƙƙin ya tambayi mai makaranta wa ya ba shi izinin ɗora bene.

Na shida, maƙwabci. Aya ta 36 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni da kyautata wa maƙwabci na kusa da na nesa, kuma malaman tafsiri sun bayyana cewa wanda ba Musulmi ba yana da haƙƙin maƙwabtaka. Ƙasar Jos mazauni ce ta Birom da Anaguta da Afizere, kuma Hausawa da Fulani da Yarbawa da Ibo da sauransu sun daɗe a cikinta tun zamanin kuza. Duk inda kuka sauka za ku haɗu da su a kasuwa da ofis da asibiti. Ku gaishe su, ku duba marasa lafiyarsu, ku riƙe amanarsu, ku hana 'ya'yanku yi masu baƙar magana. Baƙon da ya shigo gari jiya bai kamata ya gaji gabar da bai san mafarinta ba. Kuma kamar yadda muke binciken maƙwabta, mu ma ana binciken mu. Mu tambayi kanmu wane irin maƙwabci unguwar za ta samu da zuwanmu.

Game da yadda za a aiwatar da wannan, shawararmu ita ce maigida ya fara zuwa shi kaɗai, ya sauka wurin wani ɗan'uwa na wata ɗaya ko biyu kafin ya ɗauko iyali. Unguwar da ya ga ta kwanta masa, ya ziyarce ta sau uku: da asuba, da dare bayan isha'i, da kuma ranar da aka yi ruwan sama idan damina ce. Ya gai da limami da mai unguwa, ya kuma tambayi wanda ya tashi daga gidan dalilin tashinsa, domin dillali ladansa yake nema, ba zai faɗi aibin gida ba sai mai tsoron Allah a cikinsu. Ya shawarci uwargida, ya kai ta ta ga gidan kafin a biya kuɗi, saboda ita ce za ta wuni a cikinsa, ita ta san abin da madafi da makewayi da tsakar gida suke bukata, musamman idan gidan haya ne na tarayya inda sirri ke da wuya. A rubuta yarjejeniyar haya da shaidu, a karɓi rasit. Wanda zai sayi fili kuwa ya binciki takardunsa a ma'aikatar filaye, ya tabbatar ba filin gado ba ne da magada ba su raba ba, kuma ba hanyar ruwa ba ce. Bayan duk wannan sai ya yi sallar istihara, ya dogara ga Allah.

Muna kira ga rassanmu da ke Jos da Bukuru da su taimaka wa baƙi a wannan fanni. A sami mutum biyu ko uku a kowane masallaci, masu gaskiya da sanin gari, waɗanda baƙo zai nufa su faɗa masa gaskiyar kowane layi ba tare da karɓar ko kwabo ba. Wannan yana cikin taimakekeniya a kan alheri, kuma ladansa yana wurin Allah.

Allah Ya zaunar da Jihar Filato da ƙasarmu baki ɗaya lafiya. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya shirya mana zuriyarmu, Ya haɗa mu da maƙwabta nagari a duniya da lahira. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuma Shi ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.