Wayar salula da kuɗin hatsi a kasuwanninmu



Yau za mu yi magana bisa kasuwa. Kun san hatsi ba kuɗi guda gare shi ba ko'ina. Tiya guda tana araha kasuwar nan, ga wata kasuwa kuma, tafiyar yini guda, ta yi tsada. Mi ya kawo haka? Akwai nisa, akwai munin hanya. Akwai kuma rashin labari, kuma shi ne zancenmu na yau.

Masana tattalin arziki sun yi bincike bisa wannan. Mu fara da ƙasar Indiya, jihar Kerala, bakin teku. Masunta na can, in sun kamo kifi, sai su nufi kasuwa guda ba su san abin da za su iske ba. Wata rana kifi ya yi yawa, ba mai saye, a zubar. Ga wata kasuwa kusa, mutane suna nema ba su samu ba. Cikin kifi 100, biyar zuwa takwas asara ne. A 1997 wayar salula ta shigo. Masunci tun yana cikin jirgi sai ya kira kasuwa biyu ko ukku, ya ji inda kifi ke da daraja. Wani masani, Robert Jensen, ya bi lamarin har 2001. Ya iske zubar da kifi ya kusan ƙarewa. Ribar masunta ta ƙaru da kashi 8 cikin 100, masu saye kuma sun samu sauƙin kashi 4.

To, mu dawo gida. Salula ta fara shiga kasuwannin Nijar a 2001. Kafin nan, ɗan kasuwar Damagaram da ke son sanin kuɗin hatsi a wani gari sai ya biya mota ya tafi, ko ya jira matafiyi. Wata malama ta Amurka, Jenny Aker, ta auna kuɗin hatsi na kasuwanninmu har 2006. A 2010 ta fito da sakamako: bambancin kuɗi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Ku ɗauki alli mu lissafa. In bambancin buhu dala 100 ne a da, ya koma dala 84 zuwa 90. Inda kasuwanni ke nesa da juna, hanya ba kwalta, nan ragin ya fi yawa.

Amma ku saurara da kyau, manoma. Daga baya malamar da wani masani, Marcel Fafchamps, sun duba kuɗin da manomi kansa ke karɓa. Ga wake, bambanci ya ɗan ragu. Ga hatsi da dawa, ba su ga canji ba. Kuɗin da ke shiga aljihun manomi bai hau ba. A ganinmu wannan ba abin mamaki ba ne. Wanda bashi ya matsa wa da kaka, ko ya ji labarin tsada a Maraɗi, dole ya saida ga wanda ya zo ƙofar gida. Waya ba ta biyan kuɗin mota.

Akwai abin da ya shafe ku kai tsaye. A 2009 da 2010, cikin ƙauyukan Doso da Damagaram, an koya wa wasu ƴan yaƙi da jahilci aiki da salula tare da karatu. Da aka yi jarrabawa, sun fi sauran maki a rubutu da lissafi. Rubuta saƙo ya sa hannu bai manta baƙaƙe ba.

Saboda haka ran kasuwa mai zuwa, kowa ya rubuta kuɗin tiyar hatsi da ta wake cikin littafinsa, da kwanan wata. Wanda ke da ɗan'uwa a wani gari ya tambaye shi nasu kuɗin. Ku kawo wa malaminku, a jera su bisa allo.