Tawadar Allah a jikin yara da hasken leza



Yau hirarmu a kan tabon da ake haihuwar yaro da shi ne. Hausawa suna ce masa tawadar Allah. Ba laifin uwa ba ne, ba aikin maye ba ne. Launin fata ne ya taru wuri guda.

Tabon iri-iri ne. Akwai shuɗi-shuɗi a ɗuwawun jariri ko gadon bayansa. Wannan yakan ɓace da kansa kafin yaro ya isa shiga makaranta. Akwai mai duhu a gefen ido ko a kumatu. Wannan ba ya ɓacewa da kansa.

Likitoci suna da na'ura mai suna leza. An ƙera ta farko a Amurka a shekarar 1960. Tana fitar da haske siriri mai ƙarfi. Hasken yana farfasa launin da ya taru, sannan jiki ya kwashe shi a hankali. Ba a gamawa rana ɗaya. Sai an koma sau da yawa, da makonni a tsakani. Ana rufe idon yaro lokacin aikin. Wani tabon yakan dushe sosai, wani kuma yakan dawo.

Ku lura da wannan. Fatarmu baƙa ce, tana shan hasken da yawa. In wanda bai ƙware ba ya riƙe na'urar, sai fata ta ƙone, ko ta yi fari. Saboda haka aikin likitan fata ne kawai.

Iyaye, kada ku kai yaro a yi masa lalas ko tsaga. Kada ku shafa masa man sa fari. Tabon wuta ya fi tawadar Allah muni.

Amma ku kai yaro likita da sauri in tabon yana girma da gaggawa, ko yana jini, ko ya sake launi. Haka kuma in wurin ya yi haske, yaro ba ya jin taɓawa. Wannan yana iya zama farkon kuturta, kuma maganinta kyauta ne.

Ku fara da likitar garinku, ko a Barmu kuke, ko Takanamat, ko Kalfu. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura ku babbar likita ta Tawa.

Allah ya raya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa.